Tangaran Mai Gane Dafi

Inna Huraira na cikin fiƙe alƙalami maganar ta iske ta: wai kwanon tangaran na Maiturare ya rabe biyu a gaban baƙi da aka zuba masa kunu, saboda haka baiwarsa Mairama dafi ta sa. Ranar kasuwa za a sayar da ita ga fataken Nupe.

Duk Birnin Gwari an san kwanonin nan guda biyu, farare tas da shuɗin fure. Doki sukutum Maiturare ya bayar a kansu. Aka ce aljannu suka gina su a ƙarƙashin teku, kuma dafi na taɓa su sai su fashe. Inna ta yi karatu har idonta ya dushe, ba ta taɓa cin karo da aljani maginin tukwane ba.

Ta yafa zane ta nufi bakin daji, wurin Dabo maharbi, ta ce ya sam mata dafin kibiya.

"Inna, wa ya taɓa ki?"

"Kwano."

Ta tarar da zauren Maiturare cike da 'yan jaje, Mairama na durƙushe a gefe da mari a ƙafa.

"Ƙasimu," in ji ta, don ita ba ta kiransa Maiturare, "miƙo mini ɗayan."

"Inna, wannan ba abin taɓawar kowa ba ne."

"Ni ce kowa? Wa ya riƙa share maka majina a kan allo?"

Ya miƙa. Ta juye dafin a ciki. Mutane suka ja da baya. Ƙuda ya sauka, ya lasa, ya miƙe ƙafafu. Kwano ko gezau.

"Wataƙila dafin nan garin ne bai saba da shi ba," in ji wani ɗan jaje.

"To, sai a ba shi lokaci ya saba."

Ta zubar, ta kifa kwanon, ta kanne ido. A gindinsa akwai shatin ɗan yatsa.

"Ga hannun aljaninka. Ƙaramin yaro ne, kuma an tsaya masa a ka, ko furen nan bai ƙarasa ba. Na rantse bai taɓa shan kunu a irinsa ba. Ke Mairama, kin taɓa riƙe wancan da ya fashe?"

"Ko wanki ba a bari in yi, Inna. Daga tsaye nake zubawa."

Inna ta ɗauki ɓarin fasasshen, ta shinshina, ta lashi bakin tsagar, ta tofar. Ta dubi Maiturare. Shi kuma ya tsura wa azarar zaure ido kamar yau aka jera ta.

"A cire mata marin," in ji shi, can ƙasan maƙoshi.

Tun da damina kwanon ya suɓuce masa yana haska shi a rana. Ya liƙe shi da ƙaro, bai gaya wa kowa ba. Kunun kuwa da zafi.