Saniya Mai Goyo a Cikin Kwamfuta

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na firamare na tsaya, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Anti Rhoda ce ta saya mini littafin rubutu, ta ce in ban cika ko shafi biyu ba kada in ƙara gaishe ta.

Kawuna Harun dillalin shanu ne. A daji ya tashi yana kiwo, sai da fari ya cinye rabin garken gidanmu ya shigo Maiduguri. A shekarar 1998 babban ɗansa ya sa masa kwamfuta a ofishinsa na unguwar Dala a nan Maiduguri. Kawu bai taɓa sa mata hannu ba, yana kiranta talabijin marar labarai. Ni aka koya wa dannawa. Yakan zauna a kan buzu ya faɗi shanun da za su tafi, launinsu da garin da za su, ni kuma in shigar.

Kamfanin da ke ba mu hayar tirela a Kano yake. Su ma suna da tasu kwamfutar, ita ke tsara wace mota za ta bi wace hanya a wace rana. Da can sai an aika mutum da takarda. Don a haɗa tamu da tasu ta layin waya aka kawo Anti Rhoda, 'yar Biu ce da ke zaune a unguwar Mairi. Ta yi mako biyu tare da ni. Kullum sai ta zo da ƙosai a leda, ta gaishe da Kawu da Barbarci ta ce, "Wushe, Alhaji, yau ma ba za ka gaisa da talabijin ɗinka ba?" Shi kuma ya ce ranar da ta iya bambance saniya da jaki zai gaishe ta.

Ta bayyana mini abin da sauƙi. Ta ce kwamfutar Kano tambaya uku take yi, kai nawa, babba ko ƙarami, ina za su. Tamu ta amsa, ta can ta lissafa wuri ta turo mota. Da ƙarfe huɗu na yamma take rufe tsarin mako, bayan nan ba a canja komai.

Ranar gwaji Litinin ce. Wani mai gonar madara a Kaduna ya sayi shanu, Kawu ya faɗa mini ashirin da huɗu, na shigar. Bayan azahar ɗan akwatin da ke haɗe da waya ya yi ta ƙara kamar gyare, sai ga amsa ta fito. Tirela ɗaya, ranar Alhamis. Anti Rhoda ta tafa hannu ta rungume ni. Kawu ma ya tashi daga buzu ya leƙo.

Ni kuwa sai na tuna da maruƙa. A gidanmu maraƙin da ke shan nono ba a ƙirga shi. Shi da uwarsa kai ɗaya ne har a yaye shi, don kada baki ya kama shi. Haka na ji tun ina yarinya, haka kuma na shigar ban ko yi tunani ba. Mutumin da ke kai takarda a da ya san wannan, yakan faɗa wa direbobi da baki. Kwamfuta ba ta da wanda zai faɗa mata. Cikin shanun nan fiye da rabi suna da maruƙa. In aka cusa su a mota ɗaya har Kaduna, iyayen za su tattake su kafin Potiskum.

Na duba agogon bango, uku saura kwata. Anti Rhoda tana murna, aikinta na mako biyu ya yi. Kawu kuwa ban taɓa gyara masa magana ba a rayuwata. Na tashi na wanke kofunan shayi, waɗanda na riga na wanke da safe.

Anti Rhoda ta biyo ni bakin famfo. Ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin na wanke kofi sau biyu ba, me ke damuna. Na faɗa mata zancen maruƙan, ina kallon ƙasa. Ta kama hannuna da kumfar sabulu a kai ta ja ni ciki.

Ta tambayi Kawu maruƙa nawa ne. Ya ɓata rai, ya ce ba a tambayar wannan. Ta ce mota dai wuri take so, ba ruwanta da baki. Ya ce gara ya koma aika takarda da ya sa lamba a kan ɗan da bai fara cin ciyawa ba. Suka yi ta ja, agogo ya wuce uku da rabi.

Ban san lokacin da na yi magana ba. "Kawu, kada a ƙirga su. A rubuta uwar kawai, a ce mai goyo ce."

Suka juyo duka biyun. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Anti Rhoda ta tambaye ni wurin da mai goyo take ci a mota, na ce kamar saniya ɗaya da rabi, kuma ba a raba ta da ɗanta. Kawu ya shafa gemu ya ce hakan ba ƙirga ba ne, bayani ne. Ya fara kiran su ɗaya ɗaya da launinsu, ja mai farin goshi, baƙa mai karyayyen ƙaho, ina sa wa kowace alama. Anti Rhoda ta gyara tsarin yadda duk mai alama za ta isa Kano a matsayin wuri ɗaya da rabi.

Huɗu saura minti bakwai amsa ta dawo. Tirela biyu, Alhamis.

Kawu bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya ce da Anti Rhoda, "Malama, ashe 'yar nan tana da baki." Ta ce, "Tana da shi, jira take a yi shiru a ofishin nan."

Washegari ban fara zuwa ofis ba. Na sa takalmin roba na bi Kawu zango a Kasuwar Shanu, karo na farko tun da na girma. Na riƙe takarda da biro na tsaya a bakin shinge, na tambayi masu lodi yadda suke raba mota da itace don maruƙa su sami gefensu, na rubuta abin da suka ce.