Takobin da Na Zaɓa wa Alhaji

Sunana Barmo, maƙeri ɗan maƙeri, a Sabon Gari na Maraɗi. Shekara arba'in ina bisa uwar maƙera, kuma in gardama ta tashi kan ƙarfe a garin nan, wurina ake kawo ta. In na ce takobi na kirki ne, magana ta ƙare. Abin da na mallaka ke nan a duniya, ba ni da gona, ba ni da mota.

Ina da aboki, Gado, ɗan tauri. Tare munka tashi. Gado ya sha maganin ƙarfe tun yana saurayi, ya ɗaure ƙugu da guraye har ba ya iya sunkuyawa da kyau, kuma ya yarda har cikin ransa wuƙa ba ta cinsa. Ni ban ce babu masu tauri na gaskiya ba, Allah ya bar wa kowa saninsa. Na Gado dai na san iyakarsa, don ranar da ya fara kawo mini wuƙaƙensa washi na ga ɗaya ta yanke masa yatsa, ya ce wai don bai yi kirari ba ne. Tun daga ranar nake yi masa wani irin washi da ba na yi wa kowa. Sai in goge ruwan wuƙar ta yi ta ƙyalli, in kwantar da gefe biyu, amma ainihin bakin in bi shi da magagari in mulmule shi. Mai kallo zai rantse aska ce. Tana raba karan dawa in an sara da ƙarfi, amma ko yini anka yi ana goga ta a fatar ciki ba ta shiga. Shekara talatin muna haka, bai sani ba, ni kuma ban faɗa ba.

Sai ga dimokuraɗiyya. Anka yi babban taron ƙasa a Yamai, anka ce kowa ya buɗe bakinsa, kowa kuwa ya buɗe. Ma'aikata na yajin aiki, ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, na zanga-zanga a titi, jam'iyyu kuwa sun kusa fin teburan mai shayi yawa. Duk wanda ya iya hayar lasifika ya zama mai ceton ƙasa.

Cikinsu har da Alhaji Maman Lawali, mai manyan motocin da ke kai kaya Najeriya, mai gidan bene a unguwar Zariya. Rana ɗaya ya tashi da sha'awar zama dipite, wato ɗan majalisa. Wani maroƙi ya gano masa cewa kakansa mayaƙi ne a Tibiri. Mu mun san kakan, kanwa yake tallawa bisa jaki, amma ba wanda ya tambaye mu. Jikan mayaƙi kuwa ba ya shiga Tibiri hannu rabbana, dole sai da takobi. Tsofaffin takubban duk Nasara sun daɗe da kwashe su, sai Alhaji ya ce a samo masa sababbi da anka ƙera bisa fasalin na dauri, a kira Barmo ya zaɓi wanda ya fi.

Gado ne ya kawo mini sauran labarin, yana tafe yana karkaɗa kafaɗa.

"Maƙeri, ka ji abin da za a yi ran Lahadi a mitin ɗin jam'iyya na Tibiri? Alhaji da kansa zai ja takobin nan a cikina, gaban jama'a. Don a san mutanen jam'iyyarsa ƙarfe ba ya cinsu."

Na ce, "Madalla. Kai ne za ka ba da ciki, shi ya samu kujera."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban damu ba, don na ɗauka takobin zai kwana a maƙerata kamar kullum kafin ya taɓa cikin Gado.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci munka taru a tsakar gidan Alhaji. An gayyato maƙera kusan goma don su shaida, ga ƴan jam'iyya cike da ƙofa da hulunansu iri ɗaya. Alhaji na bisa kujera, takubba uku na kwance a darduma gabansa. Na sa anka kawo mini turmi a kife, da ƙashin ƙafar saniya.

Na farko daga Agadas anka kawo shi, kuben fata ja da kore, aiki mai kyau a ido. Na kafa tsininsa a gindin turmi na danna. Takobin kirki in ka lanƙwasa shi ka saki, miƙewa yake yi sak. Wanga ya dawo, amma da ƴar karkata. Na sara shi a ƙashi, na ɗaga ga rana, sai ga giɓi a bakin. Na ce, "Alhaji, wanga na bango ne. A rataye shi baƙi su gani."

Na biyu na Idirisa ne, maƙerin Jiratawa, magidanci mai kamar shekara arba'in, wanda galibi fartanya da lauje yake yi wa masu noman rani. Da ƙarfen resor, wanda ke ɗauke da nauyin mota, na wata tsohuwar Pijo ya ƙera shi, ba ado ko kaɗan, mariƙin ma fata ce baƙa kawai. Da na ɗaga shi sai da na sake duban mutumin. Na danna shi a turmi har ya yi baka, na saki, ya miƙe yana rawa yana ƙara a hankali. Na bi da shi bisa damtsena, gashi ya zube kamar an sa aska. Na sara ƙashin, ya rabu biyu, na duba bakin tun daga mariƙi har tsini ban ga ko ɗigo ba. Daɗi ya kama ni, na manta kaina, na ce gaban kowa, "Idirisa, Allah ya yi wa hannunka albarka."

Sannan na juya ga Alhaji na ce, "Wanda anka zaɓa, a ba ni shi in tafi da shi maƙera in gyara masa baki kafin Lahadi."

Alhaji ya girgiza kai. "A'a, Barmo. Ƴan adawa na yawo da maganar wai dabara ake yi wa wuƙaƙen ƴan tauri. Daga hannunka sai akwati, makulli a aljihuna, ga shaidu nan. Ba mai sake taɓa shi sai ni, a Tibiri."

Ƴan jam'iyya sunka tafa masa, kamar ya faɗi wani abin kirki.

Na dubi Gado. Yana tsugune gefe, riga a buɗe, tumbi waje, yana cin goro yana murmushi. Na dubi takobin Idirisa, na dubi rabin ƙashin da ke ƙasa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In Alhaji ya ja wanga ƙarfe sau ɗaya a cikin Gado, a zane za a kwaso hanjinsa. Na Agadas ma, duk da giɓinsa, yana da bakin da zai yi ɓarna. In kuma na buɗe baki na faɗi gaskiya nan gaban ƴan siyasa, na kashe Gado da ransa, kuma wawan ba zai yarda ba, cewa zai yi a gwada yanzu.

Saura na uku. Direban Alhaji ne ya sayo shi a wani kanti a Legas. Mariƙi ruwan zinariya, an jera masa duwatsun kwalba ja da shuɗi. Tun kafin in zare shi na san abin da ke ciki, don hannuna bai ji nauyi ba. Ƙarfen gwangwani ne anka shafa wa ƙyalli. Bakinsa ko kabewa sai ya yi shawara kafin ya yanka.

Na kafa shi a turmi na danna kaɗan, kaɗan ƙwarai, na janye kafin ya tona mini asiri. Na ƙyasta shi da farce na kai kunne, na lumshe ido kamar mai jin wani abu. Na bi da shi bisa damtsena daidai wurin da na Idirisa ya riga ya aske, na nuna wa jama'a fata fes. Sannan na ce, "Alhaji, wanga shi ne takobi."

Maƙera sunka dubi juna. Idirisa ya matso, ya rage murya don ladabi.

"Baba Barmo, a sara shi a ƙashi mana, yadda anka yi wa nawa."

Na ce, "Takobin manya ba a buga shi a ƙashin saniya."

Idirisa ya ɗauki takobinsa ya mayar kube ya fita, sauran maƙeran sunka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mini sallama. Alhaji kuwa baki har kunne, don tun farko zinariyar nan yake kallo. Ya ce da ma shi ya san Barmo ba ya kuskure. Kunya ta rufe ni, har na rasa ta inda na bi na fito gidan.

Ran Lahadi na hau motar ƴan jam'iyya zuwa Tibiri, don ban iya zama gida ba. Rana tsaka, fili cike, makaɗa na ta duka. Anka yi jawabai na awa biyu, kowa na alkawarin abin da ko a gidansa babu. Sannan Gado ya fito yana kirari yana tsalle kamar ba ɗan shekara sittin ba. Alhaji ya buɗe akwati gaban jama'a, ya zare takobi, ya riƙe shi yadda ake riƙe muciya. Ya goga a cikin Gado sau uku, ba abin da ya faru. Jama'a sunka ruɗe da ihu. Ihun ya hau wa Alhaji kai, ya kafa tsinin a cibiyar Gado ya danna da hannu biyu. Takobin ya naɗe, ya tsaya a naɗe kamar ludayi. Mata na guɗa, anka ɗauki Gado bisa kafaɗu. Ni na zauna a ƙasa na yi wa Allah godiya.

Murnar ba ta kai Laraba ba. Ƴan adawa sunka sami wani yaron gidan Alhaji ya fito masu da takobin, wani mai shayi ya miƙe shi da hannu ya sake naɗe shi a gwiwa, gaban kasuwa. Garin ya ɗauka. Alhaji ya aiko a faɗa mini kada in sake taka ƙofarsa, wanda bai hana ni barci ba. Abin da ya ci mini rai maƙera ne. Wasu sunka ce idona ya mutu, wasu sunka ce saye na anka yi. Daga makon nan ba wanda ya sake kawo mini ko wuƙar yankan albasa in duba.

Gado ya zo bayan kwana takwas. Bai zauna ba.

"Barmo, ka zubar mini da mutunci. Ana cewa gwangwani anka goga mini. Ni da na shekara talatin ƙarfe na jin tsorona."

Na ce, "Zauna, Gado."

"Ba zama na zo yi ba. Tsufa ya kama ka, ba laifinka ba ne. Na kai wuƙaƙena Jiratawa wurin Idirisa, na ce ya yi masu washin da ya yi wa takobinsa. Ran Juma'a zan yi wasa a bakin kasuwa, duk mai shakka ya zo ya ja da hannunsa."

Ya juya ya tafi. Na bi bayansa da kallo, haushi kamar in jefe shi da masaba. Wanga sakarai, da tumbinsa da gurayensa, shi na ba sunana don ya rayu, ga shi zai kai kansa mahauta da ƙafarsa.

Da sassafe na kama hanyar Jiratawa. Na sami Idirisa a rumfarsa bakin gonakin rani, wuƙaƙen Gado shida jere bisa buhu, ya riga ya gama da su. Ya amsa sallamata, ya shimfiɗa mini buzu, amma bai dube ni ba. Ban hau buzun ba. Na durƙusa a ƙasa gaban mutumin da na haifi kamarsa, na faɗa masa duka, tun daga yatsan da Gado ya yanke har zuwa akwatin Alhaji. Na ce masa takobinsa ya fi duk wanda na taɓa ƙerawa, kuma na san haka lokacin da nake ƙaryata shi.

Ya ɗauki wuƙa ɗaya ya duba bakinta, ya ajiye.

"Baba, in na faɗa wa mutane dalili, sunanka zai dawo."

Na ce, "Na Gado kuma ya tafi. Bar shi yadda yake."

Sai ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko magagari, ya ba ni, ya matso kusa don ya ga yadda ake yi. Na ɗauki wuƙar farko na gwada a damtsena. Wallahi ban taɓa ganin kaifi mai kyau irin wannan ba. Na kafa ta a gwiwa, na sa magagari na fara kashe shi.