Man da Ke Bin Ƙafar Mashin Ɗin Salim

Salim dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada. Tun da ya sayi wani jan mashin na hannu mai kauri kamar ɗan maraƙi, mutanen layinsu a Dutse Uku suka daina samun gaisuwarsa sai dai hon. Kullum da hantsi zai fito da bokiti ya wanke shi, ya goge, ya ja baya ya tsaya yana kallonsa. Matarsa Madina ta ce da ita yake kallo haka, da ta yi ƙiba.

Wata safiya ya ga mai ya zubo ta ƙafar gaba, ya bi ƙarfen shok ɗin har taya. Ya goge. Washegari ya sake gani.

A jikin katangarsa Ladi take suyar ƙosai, dattijuwa ce da ta riga shi zama a layin. Salim ya dubi kaskonta, ya dubi mashin, nan take ya gama bincike.

"Iya Ladi, me na yi miki?"

"Kamar yaya, Salim?"

"Manki ne wannan. Tun da na sayi abin nan na ga idonki a kai."

Ladi ta leƙa da matsami a hannu. "Ɗan nan, man ƙosai baƙi ne? Kuma tsalle yake yi ya tsallake kwata?"

Bai saurara ba. Ya tara maƙwabta yana nuna musu, har ya dangwala ya sansana ya rantse ƙamshin wake yake ji. Ya yi ta surutu safe da yamma har Ladi ta gaji, ta kwashe murhunta ta koma bakin titi.

Man bai daina zuba ba. Salim ya ce ai da ma ya sani, aikin asirin da aka riga aka yi ba ya tashi don mai shi ya tashi. Gaban mashin ya fara nutsewa in ya taka birki, yana ƙwanƙwasa a kowane rami. Ya ce shi ma duk cikin aikin ne.

Ranar wata kasuwa ya shigo Farin Gada da gudu ana sauke kaya daga mota. Ya damƙe birkin gaba, birki ya ce bai san zancen ba. Ya wuce cikin kwandunan tumatir ya kife. Masu lodi suka ɗago shi jajir tun daga hula har takalmi, wata mata tana ta salati, sai da aka ga ’ya’yan tumatir a gemunsa aka fara dariya.

Aka tura mashin wurin Natana'el, bakaniken da ke bayan kasuwa. Natana'el ya goge ƙarfen shok ɗin tas, ya kama kan mashin ya danna ƙasa ya saki, ya sake dannawa. Zoben mai ya fito a jikin ƙarfen.

"Oga, sil ɗinka ya mutu. Robar da ke riƙe man shok ke nan. Man ya gangara ya jiƙa birki, shi ya sa ka yi wanka."

"Ba zuba mini aka yi ba?"

"Daga ciki yake fitowa. Sai dai in mutumin a cikin shok yake kwana."

Ya bi ƙarfen da farce, ya tsaya, ya kanne ido ɗaya. "Wa ya kankare wannan? Duk ya yi zane kamar bayan tukunya."

Salim ya gyara tsayuwa. "Ni nake goge shi. Da soson ƙarfe da toka, don ya yi ƙyalli."

"Kullum?"

"Kullum."

Natana'el ya ajiye tsumma, ya kira maƙwabcinsa mai faci ya zo ya ji da kunnensa. "Zanen nan shi yake yanka robar duk hawa da sauka. Ko na sa sabuwa yau, jibi za ta bi ’yar uwarta. Sai an canja ƙarfen gaba ɗaya."

Kafin la'asar labari ya riga shi isa gida. Madina ta ba shi ruwan wanka, ta ce ba za ta zuba masa tuwo ba sai ya je ya ba Iya Ladi haƙuri.

Ya tarar da layi a bakin titi, ’yan keke da ’yan makaranta sun kewaye kaskon. Ya bi layi da hannu a naɗe har ya iso gaba.

"Iya, ashe an samu ɗan kuskure a maganar nan."

"Na wa?"

Ya waiwaya, ya ga duk kunnuwa a miƙe. "Na kamfanin da suka ƙera mashin ɗin."

Ladi ta juya ƙosanta, ta tsame, ta bar shi ya tsane.

"To, Allah ya shirya kamfanin," ta ce. "Matsa, akwai mutane a bayanka."