Mudun Baban Tabita

"Ba ya cikin Littafi, Baba Katikis. Buɗe ka nuna mini. Ba ya ciki!"

Muryar Tabita ce ta cika ɗakin, har kajin da ke tono a bakin ƙofa suka watse. Barira ba ta ɗago ba. Tana zaune a ƙasa gefen katifa da mafici a hannu, tana yi wa maƙwabciyarta Monika fifita, tana sauraren yadda numfashinta ke fita da ƙyar kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Tun Tabita tana ƙarama Monika ta zo wannan unguwa ta bayan kanal ɗin ban-ruwa a Kura, da ƙullin kayanta da 'yarta, ta kama ɗaki jikin katangar su Barira. Ita Kirista ce 'yar Katolika, Barira Musulma, amma sana'arsu ɗaya: gumi. Su jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a duro, su turara ta a kan wutar ɓuntu, su shanya, masu inji su zo su kwasa. Shekara da shekaru suna tsugune a cikin hayaƙin nan. Duk garin ya san tarin masu gumi, ana jin sa ta kowace katanga, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce a gyara musu murhu. Shinkafa dai ta fito fara tas, a loda a mota. In mace ta fara tofar da jini, a ce mata sai haƙuri. Monika ma da hannunta ta jiƙa shansherar da ke tsakar gida yanzu, kafin ƙafafunta su ƙi ɗaukarta. Jiya Fada, limamin cocinsu, ya zo ya shafa mata man addu'a, ya koma. Yau sai ga Tabita daga Kumbotso, inda take koyarwa, inda kuma ta bar cocin uwarta ta shiga wata.

Malam Filibus katikis, wato mai koyar da addini a ƙaramar cocin su Monika, tsoho ne mai sanyin magana, amma yau kunnuwansa sun yi zafi. Ya gyara tabarau, ya lashi yatsa yana buɗe shafi.

"'Yata, ga shi nan a littafin Makabiyawa. Jarumi ya sa aka yi hadaya domin matattun sojojinsa. In addu'a ba ta isa gare su, don me zai yi?"

"Wannan littafin ba ya cikin nawa."

"To wa ya cire shi?"

"Wa ya saka shi?"

"Bari wannan. Manzo Bulus fa, da ya ce akwai wanda aikinsa zai ƙone, shi kuwa ya tsira, amma kamar ta cikin wuta? Wace wuta ce mutum ke bi ya tsira?"

"Misali ne, Baba! Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, cewa aka yi da shi yau ɗin nan zai shiga Firdausi. Ba a ce ya tsaya a hanya a wanke shi ba. In jinin Yesu bai isa ya wanke mutum ba, sai wuta ta ƙarasa aikin? Kun bar tsohuwa tana ɗauke da tsoro duk rayuwarta, kuna kallo!"

Leɓunan Monika sun bushe sun tsage. Mai tabarau bai gani ba, mai digiri ba ta gani ba. Barira ce ta tsoma yatsa a kofi ta ɗiga mata ruwa.

Ita Barira ba ta fahimci rabin abin da ake faɗa ba. Abin da ta sani shi ne, tun safe Monika abu ɗaya take roƙo: Tabita ta yi mata alkawarin za ta ci gaba da roƙa wa ubanta, Barnaba, wanda ke purgatori. Wannan kalma kuwa Barira ta daɗe da saninta. A shekarar farko da suka fara aiki tare, ta taɓa tambaya a kaikaice ina maigidan yake. Monika ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana purgatori. Kullum ina roƙo a fito da shi." Barira ta ji tausayi ya kama ta. Ta ɗauka sunan wani gidan yari ne can kudu. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ko ga nata mijin. In matan unguwa suka ce mijin Monika mutuwa ya yi, sai ta yi shiru, tana ganin rufin asiri ne, kuma ba ita za ta yaye shi ba. Ko da wasa ba ta taɓa ambatar uba a gaban Tabita ba. Sai dai duk shekara in an yanke shinkafar damina, farkon Nuwamba, lokacin da Monika ke sa fararen kayanta ta ce za ta je saboda maigidan, Barira takan auna mudu guda na gumi mai kyau ta ƙulla a leda ta ce, "Ga wannan, na Baban Tabita." Monika ta karɓa da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

Yanzu da Barira ta ga gardama ta ƙi ƙarewa, mace kuma tana tafiya, sai ta ajiye mafici.

"Ku gafarce ni, ni ban yi karatu ba. Amma wai wannan wurin ba a buga waya ne? Matarsa na kwance haka. Taufiq ɗana ya san wani gandiroba a birni, ko shi zai yi magana a bar bawan Allah ya ji muryarta."

Malam Filibus ya cire tabarau.

"Inna Barira," in ji Tabita a hankali, "Baba ya rasu tun kafin mu zo garin nan. Motar tumatir ce ta kife da su."

"Ya rasu?"

"Purgatori ba kurkuku ba ne, Hajiya," in ji katikis. "A koyarwarmu, wuri ne na tsarkakewa. Wanda ya mutu yana na Allah, amma da sauran datti a jikinsa, a can ake wanke shi kafin ya shiga. Addu'ar masu rai tana taimakonsa."

"A koyarwarku," in ji Tabita.

Wani sauti ya fito daga katifa. Da farko Barira ta ɗauka shaƙewa ce, sai ta ga kafaɗun Monika na rawa. Dariya take. Dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe, Barira ta tallafo ta ta goge mata baki da gefen zane, ta naɗe wurin da ya yi ja don kada 'yar ta gani.

"Maman Taufiq," Monika ta ce da ta samu numfashi, "ashe duk shekarun nan matar fursuna kika ɗauke ni?"

"To me zan ce? Ke ma ba ki yi mini bayani ba."

"Na zaci kin gane. Na ce kai, Musulma ce amma ta gane."

"Shinkafar fa? Ina take zuwa?"

"Ta isa gare shi."

"Makafi da gwagware na coci ne suka ci, Inna," in ji Tabita.

Barira ta ce, "To, ai ba ta zube ba."

Monika ta miƙa hannu tana lalube, har ta kamo gefen siket ɗin 'yarta. Tabita ta durƙusa.

"Ke kin yi karatu, ni ban yi ba. Ni abin da na sani, shansherar da ba ta sha turara ba, in ta shiga inji karyewa take. Ba don a ƙona ta ake ɗora ta a wuta ba."

"Mama, mutum ba shanshera ba ne."

"Na ji. To faɗa mini. Kin ce wuri biyu ne kawai."

"Biyu ne."

"Ubanki ba mugu ba ne. Shi ya goya ki ya ratsa rafi da ke cikin ruwan sama lokacin da kika yi ƙyanda. Amma kin san abin da yake sha. Kin san abin da hannunsa ke yi in ya sha, ba ki yi ƙanƙantar da za ki manta ba. Ran da ya fita, zagina ya yi a bakin ƙofa, ni ma na rama. Da kwalba a aljihunsa aka ɗauko shi, ba Fada, ba tuba, ba komai." Ta tsaya ta ja iska. "In babu wurin nan na tsakiya, Tabita, ina kika ajiye mini shi?"

Tabita ta buɗe baki. Barira ta san yarinyar nan tun tana tallan gyaɗa a bakin kwalbati, ba ta taɓa ganin amsa ta maƙale mata ba sai yau.

"Alherin Allah yana da faɗi, Mama. Ba mu san abin da ya faɗa a zuciyarsa ba kafin ransa ya fita."

"Ba mu sani ba. Shi ya sa nake roƙo. Ni ba kaina nake ji ba. Amma in na tafi, babu sauran mai kiran sunansa. Ki ce za ki yi."

"Mu za mu riƙa yi a coci, Maman Tabita," in ji katikis.

"Ku kuna da mutane da yawa, Malam. Jininsa nake so."

Hawaye ya zubo wa Tabita, ba ta share ba. "Mama, ki roƙe ni komai. Amma kada ki sa in yi miki ƙarya kina kan wannan katifa. Ban yarda akwai shi ba. In na ce zan yi, baki ne kawai."

Barira ta ji kamar ta kai mata rankwashi. Kalma ɗaya, "to", me za ta rage ta da shi? Amma da ta dubi fuskar yarinyar sai ta ga ba taurin kai ba ne, abin yana yankarta ne har ƙashi. Monika ta juyo da ido wajen Barira, ta daɗe tana kallonta. Barira ta ɗauka ita za a roƙa ta yi masa addu'ar, ta kuma san abin da addininta ya yarje mata da abin da bai yarje ba.

"Maman Tabita, ke kin san ni..."

"Na sani. Ban tambaye ki ba." Ta ɗan murmusa. "Kin yi naki, ba ki ma san kina yi ba."

Ta saki siket ɗin. Ba ta sake tayar da maganar ba. Katikis ya rufe littafinsa ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Tabita ta karɓi kofin daga hannun Barira, ita ta ci gaba da ɗiga ruwan.

Washegari da hantsi, ana jin ƙarar injinan casa daga bakin titi, Monika ta buɗe ido ta ce, "Shansherar nan ta jiƙu. Kada ta yi tsami, ta mutane ce." Barira ta ce za a turara. Monika ta gyaɗa kai. Daga nan numfashin ya riƙa nisa da juna, har wanda aka jira bai zo ba. Tabita ta rufe mata ido, ta kifa kai a ƙirjinta. Barira ta fita tsakar gida ta jingina da katanga, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka ce sai gobe za a binne, in Fada ya iso. Matan coci suka cika ɗaki da waƙa, matan unguwa suka zazzauna a tabarma suna cewa Allah ya ba da haƙuri, ciwon ajali ne. Babu wadda ta ambaci hayaƙi, alhali rabinsu da tarin suka shigo.

Bayan azahar Barira ta leƙa duron. Ruwan ya fara kumfa, warin tsami na shirin tasowa. Ta tsiyaye, ta fara kwasar shansherar tana zubawa a tukunyar turara. Tana tattara ɓuntu a murhu sai ta ji mutum a bayanta. Tabita ce, ta tuɓe takalman makaranta, ta ɗaura tsohon zanen aikin uwarta, wanda wuta ta huhhuda.

"Koma ciki, ke ake wa gaisuwa."

"Bari in kama miki, Inna. Ban manta ba."

Ta tsuguna ta hura wutar. Suka rufe bakin tukunyar da buhu, suka zauna a kan turmi suna jira. Barira tana tuna yadda Monika ke yi duk ranar aiki: in tururi ya huda buhu, ta kama gefensa, kafin ta yaye sai ta ce, "Ubangiji, ka sassauta wa bawanka Barnaba, ka fito da shi." Nan ne kaɗai take kiran sunan mijinta. Sau nawa Barira ta amsa da amin, tana hango mutum a bayan ƙarfuna.

Tururi ya fara fitowa ta saƙar buhun. Tabita ta miƙe ta kama gefensa. Ba ta yaye ba. Ta tsaya riƙe da shi, zafin na cin yatsunta, har Barira ta ɗaga kai ta dube ta.

"Ubangiji," Tabita ta ce, muryarta a dushe, "ga Mama. Ga Baba Barnaba. Ni ban san komai ba. Kai ka san inda suke."

Ta yaye buhun. Tururin ya taso fari, ya rufe ta har kafaɗa, ƙamshin gumi ya bazu a tsakar gidan. Barira ta sunkuya ta janye itace ɗaya daga murhun, ta rage wutar.