Ba a Yanka Mai Walda Ba

"To ashe walda za ku yi mini," in ji maƙwabcina Mai Walda, yana kwance a kan gadon na'urar, ma'aikaciyar jinya na shafa masa wani mai mai sanyi a ƙugu.

Likitar ta yi dariya. "Kusan haka ne, Baba. Sauti za mu tattara wuri guda, ya ratsa fata, ya ƙona ƙarin da ke jikin ƙashin. Babu yanka, babu ɗinki."

"Zan warke?"

Ta dubi 'yarsa, sannan ta dube shi. "Raɗaɗin zai ragu. Cutar kuwa ta riga ta bazu."

"Na gode da ba ki yi mini kwana-kwana ba, 'yata."

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanina da Mai Walda. Ni na kawo su asibiti a motata, don wata uku ke nan ina jin nishinsa ta bango. Tiyata kuwa ya ƙi ta ƙememe tun da matarsa ta shiga ɗakin fiɗa ba ta fito da rai ba.

Muka zauna a waje awa biyu, 'yarsa na murza bakin mayafinta. Da aka turo shi, fatar ƙugun ta ɗan yi ja, shi ke nan.

Kwana biyar bayan nan na ji ƙarar guduma. Na fito, sai ga shi durƙushe a bakin ƙyaurena da ya daɗe yana jan ƙasa.

"Haba maƙwabci! Wa ya aike ka?"

"Kukan ƙofar nan ya fi ciwon damuna. Riƙe mini nan, ka kau da ido."

Mako bakwai ya samu. Ya ci abinci a zaune, ya taka har shagonsa, ya yi wa masu tsadar ƙarfe faɗa. Har na fara cewa likitar ba ta san aikinta ba.

A mako na takwas idanunsa suka yi rawaya. Ya daina fita. Na shiga duba shi wata safiya, ya kamo hannuna, tafinsa duk tabon wuta.

"Ƙugun nan lafiya lau," ya ce. "Ka gaya wa likitar aikinta ya riƙe. Wani wurin ne ya ɓalle."

Kafin azahar ya cika.

Kwana uku da rasuwar, muna zaune da 'yarsa a ƙofar shagon, sai ga wata mata ɗauke da kujerar ƙarfe mai karyayyiyar ƙafa.

"Sannunku. Mai Walda na nan?"

'Yar ta miƙe. Ta karɓi kujerar da hannu biyu, ta jingine ta a bango, inda rana ba ta kai ba.