Waken Maccido Cikin Toka

Tun kafin kowa ya ankara Baba Maccido ya gani, kuma har yau bai gaji da faɗa ba. Shekara hamsin da ɗoriya yana auna hatsi a kasuwar Illela. Gobara ta cinye rumfarsa sau biyu, ya sake kafawa. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya zura hannu cikin buhu zai gaya maka waken Lafani ne ko na Gidan Katta.

Kullum da safe sai ya ga matattun ƙwari zube a ƙofar shagon maƙwabcinsa Abdulaziz, ko ƙuda kuma ba ya sauka kan buhunan. Waken kuwa fes, sai ƙyalli. Da ya faɗa a majalisa, aka ce tsufa ne ya haɗu da hassada.

Ranar Lahadi kasuwa ta cika, sai ga duba-gari, wata matashiya mai suna Shahida, da littafinta da gwangwanin jan fenti. Shagon Abdulaziz ta fara shiga. Ga tayil, ga fanka, ga buhuna a jere. Ta yaba, ta ce ya je ofis jibi ya karɓi takardar izini. Daga nan ta shigo rumfar Maccido, ta tura hannu a buhu, ta fito da shi furu-furu.

"Baba, mene ne wannan? Ƙasa cikin abinci?"

"Toka ce, ɗiyata. Tankaɗaɗɗa. Ita ka hana ƙwaro shiga."

"Ai ba zan iya ba ka takarda a haka ba. Zan sa fenti a ƙofa, sai an kwashe."

Jan fenti, ranar kasuwa, a gaban mutanen Ƙonni da ke saye wurinsa da sefa tun suna samari! Ya san in aka shafa shi, ko ya goge ba mai sake tsayawa. Ya miƙe daga kan buzunsa.

"Mi kic ce? Rumfar da wuta ta kasa tadawa, ke za ki tada ta da buroshi? Zauna, ɗiyata. Ku kawo min ƙwarya biyu da ruwa!"

Mutane suka fara taruwa. Ya ɗebi wakensa ya zuba a ƙwarya ɗaya. Ya taka da kansa har shagon Abdulaziz, ya cika tafin hannu daga buhun da ke gaba, ya zuba a ɗayar.

"Kai tsoho, wa ya ba ka izini?" in ji Abdulaziz.

"Yi shiru, ɗan nan. Da kakanka munka hwara sana'ar ga."

Ya cuɗa nasa, tokar ta fita, wake ya fito fari tas. Ya cuɗa na maƙwabci, ruwa ya yi maiƙo a sama, wani wari ya taso irin na maganin ƙwari fiya-fiya, har wata mai fura ta toshe hanci da gyale.

Maccido ya ɗaga ƙwaryarsa, ya yi bisimilla, ya kurɓi ruwan tokar sau uku. Ya goge gemu. Sannan ya miƙa wa Abdulaziz ɗayar.

"Na sha nawa. Sha naka."

Abdulaziz ya dubi ƙwaryar, ya dubi jama'a, ya mayar da hannuwansa baya.

"Ni azumi nike."

"Azumi? Goron da ke bakinka hwa?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shahida kam ba ta yi dariya ba. Ta sunsuna ruwan, ta ƙulle waken Abdulaziz a leda don a kai gwaji, ta ɗauki gwangwaninta ta nufi shagon mai tayil, ta shafa wa ƙofarsa jan fenti. Da ta dawo sai ta ce, "Baba, takardarka tana nan jibi. Amma buhunan nan a ɗora su kan katako, a rufe bakinsu."

"Ai dama na yi niyya tun bara," in ji shi, ya koma kan buzu.

Takardar tana nan manne a jikin ginshiƙin rumfa, ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta. Ƙoren biyu kuma suna rataye a gefenta. Duk wanda ya tsaya yana murmushin shakka, sai Maccido ya nuna masa su da haɓa.

"Wanda duk ke ganin ƙarya nike, shi zo da wakenai. Ga ruwa, ga ƙwarya. Ni zan hwara sha, shi biyo in ya isa."