Kifi Tara a Zauren Maitama

Bayan an ƙaddamar da Shari'a a Gusau da 'yan watanni, Efe mai kemis ya kulle shagonsa na kusa da tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, ya kwashe iyalinsa zuwa garinsu can wajen Warri. Babu wanda ya kore shi. Mutum ne mai sayar da maganin zazzaɓi da na tari, ina ruwan hukuma da shi? Amma da rikici ya ɓarke a Kaduna matarsa ta daina barci, danginta suka ishe su da saƙo, sai ya ce bari ya kai su gida hankali ya kwanta, shi ya dawo bayan damina.

Abin da ya ƙi shiga mota shi ne akwatin gilashin da yake kiwon kifi a ciki. Aka ciccibo shi zuwa zauren maƙwabcinsa Maitama, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda suka yi shekara da shekaru suna shan shayi a benci ɗaya. Kifi tara ne a ciki. Akwai 'yan mitsi-mitsi masu jela kamar gyale, akwai wani mai gashin baki da ke yini yana lasar gilashi, sai kuma biyu da Efe ya fi ji da su, waɗanda ya ɗebo da hannunsa daga rafin ƙauyensu.

"Waɗanga biyu dangin karfasa ne, Malam Maitama," in ji Efe, da Hausarsa ta Zamfara da ya tsinta a bakin masu sayen magani. "Amma wadanni ne, ba su wuce tsawon yatsa har su mutu. Dogon nan mai tsinin jela shi ne namiji. Gajerar mai jan ciki ita ce macen. Ɓawon kwakwar nan ɗakinsu ne, kada a taɓa shi."

Ya nuna masa gwangwanin abinci, da yadda ake ɗiba da yatsa biyu kacal, da yadda ake jona injin iska da batirin mota in an ɗauke wuta. Maitama ya ce, "Tahi abinka, Dokta. Yadda ka bar su haka za ka ishe su, in Allah ya so."

Bazara ta zo da zafinta na Kaura, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Wata rana aka ɗauke wuta tun hantsi, batirin ya yi sanyi, Maitama kuma ya tafi jana'iza Kasuwar Daji. Da ya dawo da la'asar ya tarar da mai jan cikin ta juya ciki sama.

Ranar ko tuwo bai ci ba. Ƙanin matarsa, Malam Hayatu, wanda ke aikin rajista a kotu, ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla cewa amana in ta salwanta ba da sakaci ba, babu ramuwa a kan mai riƙo. Maitama ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji. Sai dai shi ɗan ƙauyen Sakajiki ne, kuma a gidansu in aka ba ka kiwon akuya ta mutu a hannunka, ba ka tarbar mai ita da labari. Ka nemo wata ka ɗaure a turken, kai ya maye kai. Haka ya ga ubansa yana yi, kuma bai ga dalilin da kifi zai fi akuya ba.

Washegari ya sauka gulbi wurin Bawa masunci. Bawa ya tsamo masa 'yar karfasa ɗaya daga ƙwarya, tsawon yatsa, toka-toka da zane a gefe.

"Ja hwa?" in ji Maitama. "Waccan jan ciki gare ta."

"Irin wagga in ta girma cikinta ja yake yi," in ji Bawa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, bawan Allah. Ba a dai tambaye shi iya girman da take yi ba.

To, baƙuwa ta shiga akwati. Satin farko ta yi lamo a lungu kamar ta Allah. Daga nan ta gano abinci na faɗowa daga sama ba tare da wahala ba, ta buɗe ciki. Ta cinye rabonta ta cinye na maƙwabta, ta bi ganyen da Efe ya dasa ta yi masa aski tas, ta tone yashi ta tara shi gefe guda. Kafin a yi shuka ta kai yatsa uku a faɗi. Masu jelar gyale suka koma can sama bayan bututun iska, jelunansu duk a yage.

Kulsumu matar Maitama ce ta fara magana, ranar da ta shigo shara. "Malam, wagga dabba taka ba irinsu ba ce. Hidda ta tun da sauran na da rai."

"In na hidda ta takwas za su koma," in ji shi.

Lissafin ke nan da ya riƙe masa wuya. Da ɗaya daga cikin ƙananan ya mutu, sai ya sake sauka gulbi. Wani ya bi, ya sake sauka. Bawa har ya daina karɓar ko sisi, yana ganinsa tafe zai miƙa hannu cikin ƙwarya. Maitama ba wawa ba ne, yana gani sarai abin da ke faruwa, kuma abin yana cin ransa. Amma duk safiya in ya dawo masallaci ya ƙirga ya samu tara, sai ya ji zai iya haɗa ido da Efe.

Namijin wadan shi ya fi daɗewa. Ya shige ɓawon kwakwa ya ƙi fitowa, sai dai a hango bakinsa yana motsi. Maitama ya riƙa tura masa abinci da tsinken tsintsiya har ƙofa. Ana tsakiyar yankan gero, wata safiya tsinken ya dawo da abincinsa ba a taɓa ba. Ranar ma sai da ya sauka gulbi.

Efe ya iso bayan an kai amfanin gona gida, a gaban wata tsohuwar a-kori-kura. Ya rame kaɗan. Suka rungume juna a ƙofar gida, aka gaisa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, Kulsumu ta aiko da fura. A hannun Efe akwai jarka da aka yanke wa baki aka rufe da yadin gidan sauro, da ruwa a ciki rabi.

Suka shiga zaure. Ruwan akwatin ya yi kore, babu ganye ko ɗaya, ga karfasa tara maƙil suna gogayya, babbar cikinsu ta kai tafin hannu, cikinta ja wur. Efe ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ya kifar da ɓawon kwakwar, ya mayar da shi yadda yake.

"Tara ka bari, Dokta," in ji Maitama. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama, kunya kamar ta kashe shi.

"Na gani, Malam. Tara ne. Ka sha wahala."

"Yaushe za a buɗe shago?"

Efe ya goge hannunsa a wando. Ya ce shago ya riga ya sayar, matarsa ta ce ita da Arewa sai dai ziyara, yara kuma sun shiga makaranta a can. Katako da kwalabe ya zo kwashewa. Ya ce ƙaramar 'yarsa ce ta yanke jarkar da kanta, ta ce a taho mata da mai jan ciki da mijinta.

Maitama ya nuna babbar da hannu, bai san ma ya yi ba. Efe ya dube ta, ya yi ɗan murmushi.

"Waɗanga 'yan gari ne, Malam, ina zan kai su? A ba Kulsumu ta soya wa yara."

Ya ɗauki jarkar ya fita, ya tuttular da ruwan a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya jefa ta bayan mota. Maitama ya bi shi shago ya taya shi lodin katako har aka gama, kansa a ƙasa. Bai iya haɗa ido da shi ba har motar ta tashi.